Mai Kanti da Lambar Wayar Surukinsa

Ya 'yan uwa, kafin in taɓa kowa bari in fara da kaina, don kada wani ya riga ni. Ina da wata 'yar ɗabi'a da na kasa rabuwa da ita. Duk sanda na tsaya a layin biyan kuɗi a kanti, idona ba ya zama inda na ajiye shi. Sai ya zame ya faɗa kwandon wanda ke gabana. In na ga man shafawa da maganin sauro da gwangwanin madara uku, kafin layi ya matsa na riga na aurar da mutumin, na haifa masa 'ya'ya, na kuma yanke hukuncin cewa matarsa ce ke juya gidan. Daga nan in yi istigfari, in gyara zaman hula, in ɗaura fuskar malamai. Shekaruna hamsin da ɗoriya, gemu ya yi fari, amma idon nan ya ƙi girma.

To ni kwando ɗaya nake leƙawa, kuma kafin in kai gida na manta. Yau labarin wanda ya leƙa kwandon gari guda zan ba ku.

An yi wani mutum mai kanti. Kada ku zaci mugu zan kawo muku. Ba ya tauye awo. Ba ya goge kwanan wata a jikin gwangwani. In an kira salla yana cikin masu fara tashi. Da tebur ɗaya ya soma a bakin titi, Allah ya yi ta buɗa masa har ya kai ga babban kanti mai ƙofar gilashi, da layin kantoci shida, da manyan firiji masu gurnani, da wurin biyan kuɗi har uku.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kuma ba a sayar da shi a kanti. Yana so surukinsa, mahaifin matarsa, ya dube shi ko sau ɗaya da idon girmamawa.

Surukin nan tsohon shugaban makaranta ne. Ya yi ritaya da daɗewa amma sunan bai sake shi ba, kowa Hedimasta yake ce masa. Dogo ne siriri, tufafinsa farare ƙal, karin gugarsu kamar ya yanki hannu. Da baƙar laima yake yawo, ko ana rana, ko ana ruwa, ko ba a yin ko ɗaya. Rabin manyan unguwar sun taɓa durƙusawa a ofishinsa suna yara. An ce tunda yake ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ko da 'yar ƙaramar nan ta "ga ni nan a hanya" alhali mutum bai ko sa takalmi ba.

Bai taɓa wulaƙanta mai kanti ba. Da ma ya yi, da an san abin da za a riƙe shi da shi. Shi dai ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi kasuwa, ya sa albarka, sannan ya juya ga jikokinsa yana tambayarsu bakwai sau takwas. Ranar da aka buɗe babban kantin ya zo, ya zagaya ko'ina hannuwa a baya kamar mai duba aji. Mai kanti yana biye da shi, yana jiran kalma ɗaya. Da suka dawo bakin ƙofa sai Hedimasta ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, agogon bangon nan naka ya yi latti da minti huɗu."

Duk ranar Asabar da la'asar Hedimasta yakan je gidan 'yarsa ya ga jikoki. Kujera ɗaya yake zama, ta kusa da taga. Shekara ashirin ana haka, kuma shekara ashirin mai kanti yana gumi a cikin falonsa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Ana nan sai wani mai sayar da na'urori ya zo masa, mutum mai zaƙin baki. Ya ce zamani ya wuce a karɓi kuɗi a ba da kaya a rabu. Yanzu duk wanda ya zo biya sai a tambaye shi suna da lambar waya, na'ura ta riƙe. Gobe in ya dawo ta gane shi, ta tuna duk abin da ya taɓa saye. Sai a riƙa yi masa ɗan ragi, a aika masa da saƙon godiya. Mai kanti ya ga ba laifi a ciki. Aka kafa na'ura.

Tun daga ranar, kafin a taɓa kayan mutum sai ya ji, "Lambar waya?"

Kuma mutane suka yi ta bayarwa. Wa ya taɓa tsayawa ya ce me za a yi da ita? Mutumin da in maƙwabcinsa ya tambaye shi me ya sayo a leda zai haɗa rai har kwana uku, shi ne zai karanto wa baƙuwar fuska lambarsa sau biyu, a hankali, don kada a yi kuskure. Ga layi a bayanka, ga ragin da ko kuɗin ashana bai kai ba. Sai ka bayar.

Mai kanti yana da wani ɗan ofis a sama, mai tagar baƙin gilashi. Daga ciki ana ganin kantin duka, daga ƙasa kuwa ba a ganin komai. Bayan azahar, sa'ad da ciniki ke lafawa, sai ya hau ya tura ƙofa, ya zauna gaban kwamfuta. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta numfashi a hankali. Hasken rana ya ratso labule ya kwanta a kan tebur. Can ƙasa mutane suna yawo tsakanin kantoci kamar kifaye a ruwa, bakinsu na motsi, ba ya jin komai. Da farko kaya yake dubawa, me ya ƙare, me ya yi kwantai. Wata rana, don rage zaman banza, sai ya danna sunan mutum maimakon sunan kaya.

Sai garin ya buɗe masa kamar an ɗage rufin gidaje.

Ya ga telan da ya daina sayen sukari rana ɗaya, bayan shekara guda yana saye duk mako. Ya ga mai askin da kowa ke yaba baƙin gashinsa, ashe duk farkon wata yana ɗaukar rini. Ya ga wata matar aure da ta bar sayen turare ta koma lemon tsami da busasshen biskit. Ya ga bakaniken da sayayyarsa ta ragu da rabi tun watan uku, amma bai fasa alewar yara ba. Ya ga gidan da ake sayen madarar jarirai duk mako har wata huɗu, sai aka daina, kuma ba a sayi komai a madadinta ba.

Haka zai zauna, ido rabi a buɗe, yana shawagi daga gida zuwa gida. Ya shiga ta ƙofar da ba a buɗe masa ba, ya leƙa kicin, ya leƙa banɗaki, ya buɗe durowar gefen gado, ya fita ba wanda ya ji sallamarsa. Wani lokaci sai kiran la'asar ya dawo da shi, ya farga ashe awa biyu ya yi a gidajen mutane.

Ya 'yan uwa, sanin sirrin wani yana da nauyi, kuma mai ɗauke da shi yakan so a ga yana ɗauke da wani abu. Sai mai kanti ya fara sauka yana tsayawa a bakin ƙofa. Tela ya zo wucewa, ya ce masa, "Ya ƙarfin jiki? A dai riƙa kiyaye abin zaƙi." Matar nan mai lemon tsami ta zo, ya ce wa ma'aikata su ɗaukar mata kaya, kada ta ɗauki nauyi. Ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya, ko mijinta ba ta kai ga gaya wa ba. Mutane suka ce kai, mai kantin nan akwai lura da jama'a. Wasu har cewa suke Allah ya ba shi wani abu.

Cikin masu karɓar kuɗin akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tun zamanin tebur take tare da shi, kowa Anti yake ce mata. Ita kaɗai ke iya hawa ofis ba tare da an kira ta ba. Wata rana ta hau ta ce, "Yallaɓai, yau wata ta tambaye ni me muke yi da lambobin nan."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ragi. Amma bakina ya yi mini nauyi. Ni fa da na san aikina karɓar kuɗi ne, yanzu na koma kamar mai ƙidayar jama'a."

Ya yi dariya ya ce, "Anti ke nan. Wa muka cuta? Mun sayar wa wani? Mun gaya wa wani?"

Ta ce, "A'a. Amma kai fa, ba wani ba ne?"

Ya ce ta ja masa ƙofa in za ta fita.

Cikin wannan shekarar ya sayi wani ƙaramin kanti a can ɗaya ƙarshen garin, inda sai an hau bas biyu ake zuwa. Bai canja allon ba, bai canja ma'aikata ba, don kada masu ciniki su watse. Na'ura kawai ya kafa, aka haɗa ta da ta babban kanti. Mutane kaɗan ne suka san hannu ya canja.

Wata Laraba bayan azahar yana ta shawaginsa a cikin sunayen sabon kantin, baƙin mutane, gidajen da bai sani ba, sai idonsa ya faɗa kan wata lamba. Ya san ta kamar yadda ya san sunansa. Lambar Hedimasta ce.

Me zai kai dattijo har can, ga kantin surukinsa a bayan gida? Ya danna.

Abu ɗaya ne kawai, kuma duk bayan mako biyu, ranar Talata da hantsi. Ƙunzugun manya, irin wanda ake yi wa tsofaffin da fitsari ya daina jiran izininsu.

Ku tsaya ku dubi dattijon nan, 'yan uwa. Lalura ta same shi, irin wadda ke iya samun kowannenmu in kwana ya yi tsawo. Bai gaya wa 'yarsa ba. Bai aiki kowa ba. Ya goge farin tufafinsa, ya ɗauki laimarsa, ya hau bas, ya sauka, ya hau wani, don kawai ya je inda ba a san shi ba ya sayi abin da zai rufa wa kansa asiri. Da aka ce masa "lambar waya?" kuwa, da ni ne ko kai, mu juya lamba biyu mu wuce. Shi bai iya ba. Shekara saba'in da biyar bai koyi yadda ake yi ba. Sai ya faɗi ta gaskiya.

Nan ne wurin da ya kamata mai kanti ya kashe kwamfuta, ya yi alwala, ya roƙi Allah ya mantar da shi. Bai yi ba. Sai ya nemo hoton kyamarar wancan kantin na ranar Talata. Ga Hedimasta nan a allo, ba murya, yana tsaye a layi ƙyam, laima a hammata. Ya jira har na bayansa ya juya kai, sannan ya ɗora kayan. Ya biya, ya ciro tsohuwar jarida daga aljihu ya naɗe, ya sa a baƙar leda, ya sake sa wa a wata. Mai kanti ya kalla, ya mayar baya, ya sake kallo. Yana cikin haka Anti ta shigo karɓar makulli. Ta ga fuskar da ke allo, ita ma tsohuwar ɗalibar Hedimasta ce. Ba ta ga abin da ya saya ba, kuma ba ta tambaya ba. Ta ɗauki makulli ta fita.

Asabar ɗin da ta biyo baya, a karo na farko cikin shekara ashirin, mai kanti bai yi gumi ba. Hedimasta yana tambayar yara babban birnin wata ƙasa, shi kuwa yana kishingiɗe yana kallon farin tufafin nan, yana jin wani sanyi a ransa. Ashe kai ma mutum ne. Mako shida ya yi yana tsotsar wannan sirri kamar alewa.

Sai aka kawo sababbin kujeru gidan, masu ruwan madara, masu tsada. Ranar Asabar da rana, matarsa tana kicin, mai kanti ya ɗauko faffaɗar leda da hannunsa, ya shimfiɗa a kan kujerar kusa da taga, ya rufe da mayafi, ya gyara gefe da gefe. Daga baya ya ce don kujera ya yi. Ni dai ban yarda ba. Ina jin abin da ke ransa ya gaji da zama shi kaɗai, yana so dattijon ya san an sani.

La'asar ta yi, Hedimasta ya yi sallama, aka gaisa. Ya jingine laima, ya tattara riga, ya zauna. Sai ledar ta yi 'yar ƙarar nan da kowa ya sani.

Matar ta ce, "Baban yara, wace leda ce kuma a ƙarƙashin mayafi?"

Ya ce, "Saboda yara. Kin san su da zubar da abu."

Ta yi dariya ta ce, "Kujera biyar a falon, ɗaya kawai yaran suka sani?"

Hedimasta bai yi dariya ba. Ya ɗaga gefen mayafin ya duba, ya mayar, ya shafe shi da tafin hannu har ya kwanta. Ya ce wa jikokin su je waje su yi wasa. Da suka fita sai ya ce, a hankali, "Ɗana, wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini, Baba."

Ko a nan da ya yi shiru, da wataƙila an samu abin ɗinkewa. Amma mutumin da ya daɗe yana jiran ranar da zai zama babba a gaban wani, in ranar ta zo ba ya iya riƙe baki. Ya matso, ya sassauta murya irin ta masu taimako, ya ce, "Baba, ai ba abin kunya ba ne, lalura ce. Ka daina wahalar da kanka da bas biyu duk Talata. Wancan kantin ma nawa ne, na saye shi. In ka yarda sai in sa a riƙa kawo maka katan guda har gida, ba wanda zai gani."

Matar ta ce, "A kawo masa me?"

Ta dubi mijinta, ta dubi ledar, ta dubi mahaifinta. Sai ta sa hannu ta rufe baki.

Hedimasta ya ɗago ya dubi mai kanti. Kallon da ya yi shekara ashirin yana nema, ido cikin ido, ba gaggawa, ga shi ya samu. Amma ba irinsa ya roƙa ba.

Dattijon ya ce, "Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce in ba ta lamba. Na zaci lamba kawai na ba ta."

Ya miƙe, ledar ta sake yin ƙara. Ya ɗauki laimarsa. Mai kanti ya zabura ya ɗauko makullin mota, ya ce a bari ya kai shi. Hedimasta ya ce, "Na gode, ƙafata tana aiki. Allah ya ƙara buɗi." Ya fita, bayansa a miƙe kamar kullum.

Ba a sake ganinsa a titi ba. Mutumin da ake saita agogo da fitowarsa ya rufe ƙofa. A ganinsa, in mutum ɗaya ya sani ta hanyar da shi bai gane ba, to wa kuma ya sani? Mai gadin masallaci? Direban bas? Tsofaffin ɗaliban da ke cire hula in sun gan shi? Kowace gaisuwa ta zama masa abin tsoro. Ya zauna a ɗaki, labule a sake, farin tufafi a rataye.

Washegarin Asabar ɗin matar mai kanti ta haɗa kayanta da na yara a jaka, ta ce za ta je ta kula da mahaifinta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ni fa? Me ka karanta a kaina?"

Da ya ce babu, da ya yi ƙarya. Sunanta ne na biyu da ya fara dannawa.

Ta ce, "To," ta ja hannun yara.

Bayan mako uku Anti ta hau ofis ta ajiye makulli a kan tebur. Ta ga fuskar Hedimasta a allo, ta kuma ga ya ɓace daga titi, ba ta bukaci a yi mata bayani ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta zagi kowa ba. Waɗanda suka tare ta a hanya suka ce, "Anti, lafiya kika bar aiki?" abu ɗaya ta riƙa ce musu: "Lambar nan da kuke bayarwa, akwai mai zama ya karanta ku da ita."

Shi ke nan. Ba ta ƙara ba, kuma ba a bukaci ƙari ba. Kowa ya koma gida ya kwanta ya fara tunani. Tela ya tuna maganar abin zaƙi. Matar nan, wadda yanzu take goye da ɗa, ta tuna ranar da aka hana ta ɗaukar kaya. Duk wata gaisuwa mai daɗi da mai kanti ya taɓa yi wa mutum ta dawo ta zama shaida a kansa. Abin da ake kira lura jiya, yau aka gano sunansa leƙe.

Mutanenmu kuma kun san su, ba sa son fito-na-fito da wanda suke gaisawa da shi. Sai wani mai wayo ya lura lambar mai kanti tana rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofa. Da aka ce masa "lambar waya?" sai ya karanto ta. Kafin wata ya ƙare rabin unguwa da ita suke sayayya. Mai kanti ya hau ofis bayan azahar ya danna sunaye, ya tarar gidaje sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Ya danna nasa sunan, sai ga shi ya sayi madarar jarirai, da rinin gashi, da maganin ɓera, da jan baki kala huɗu, duk a wuni ɗaya. Wayarsa kuma ta yi ta ƙara a aljihu, kantinsa yana yi masa godiya da ya zo, yana fatan zai sake dawowa.

Daga baya ko wannan wasan aka daina. Mutane suka riƙa wuce ƙofar gilashin, su ɗaga masa hannu, su tafi can gaba wurin mai tebur da bai san sunan kowa ba. Ya sa aka daina tambayar lamba. Ya liƙa takarda a ƙofa ya ce an goge komai. Wa zai yarda? Ta yaya mutum zai tabbatar maka ya manta?

Sai ya zama yana zaune a sama bayan azahar, yana kallon kantoci shida cike da kaya ba kowa a tsakaninsu. Firiji suna gurnaninsu. Hasken rana yana tafiya a kan tayil daga wannan bango zuwa wancan. Wani lokaci sai ya ga kamar ga wani dogo mai farin tufafi can ƙarshen layi, hannuwa a baya. In ya murza ido sai ya ga tsibin kwalaye ne.

Amma duk wannan bai dame shi kamar ƙofa ɗaya ba. Ya je gidan Hedimasta neman gafara. Matarsa ta leƙo ta ce, "Yana hutawa." Ya koma bayan kwana uku, yana hutawa. Ya aika manya, dattijon ya karɓe su daga bayan labule, ya ce ba ya riƙe da kowa, amma a yi masa haƙuri, ba ya son a gan shi. Mai kanti ya yi ta zuwa yana tsayawa a bakin ƙofa, yana kallon baƙar laima a jingine a lungu, ƙura na hawa kanta.

A wata na bakwai Hedimasta ya rasu. Bai sake ɗora ido a kan surukinsa ba.

Kantunan biyu an sayar. Matar ba ta nemi saki ba, ba ta kuma dawo ba. In an tambaye ta sai ta ce tana gyara gidan mahaifinta, yau shekara biyu ke nan ana gyara. Shi kuwa yana nan da ransa. Bayan la'asar za ku gan shi yana tafiya a hankali a cikin unguwa, yana kallon ƙofofin gidaje. Ya san abin da ke cikin kowanne shekara biyu da suka wuce. Abin da ke ciki yau bai sani ba, kuma ba mai ce masa shigo.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan ya sata? Ko allura. Wa ya kai wa gulma? Ba kowa. Abin da ya yi kawai, an ba shi abu don wata bukata, ya yi amfani da shi don wata. An miƙa masa lamba don ragi, ya mai da ita makullin ɗakin kwana. Mun ɗauka amana sai kuɗi ko kaya. Abin da mutum ya bari ka gani don ba shi da yadda zai yi, shi ma amana ne, kuma ya fi kuɗi wuyar mayarwa.

Allah da ya halicce mu ya san abin da ke ƙarƙashin rigar kowa, ya kuma rufe. Da ya so da ya rubuta wa kowa lalurarsa a goshi. Bai yi ba. To kai wane ne da za ka ɗaga abin da Ubangiji ya saukar?

Ku masu kanti da ke cikinmu, ku tambayi abin da ciniki ke bukata, ku tsaya nan. Abin da ba ka tara ba, ba zai kira ka bayan azahar ba. Ku kuma masu saye, in an ce muku "lambar waya?" ba rashin kunya ba ne ku ce, "Me za a yi da ita?" Ni ma ranar da na fara gwadawa sai da muryata ta yi rawa kamar mai neman aure, amma ga ni, ban mutu ba.

Ya Allah, ka rufa mana asiri duniya da lahira. Ka kawar da idonmu daga abin da ba a buɗe mana ba. In mun gani bisa kuskure, ka ba mu ikon mantawa, in mun kasa mantawa, ka ba mu ikon yin shiru, har da shirun hannu da na fuska. Ka ji ƙan dattijon nan, ka yafe wa mai kanti, ka yafe mana. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.

Babban kantin dai an sake buɗe shi watan jiya. Sabon mai shi, ban da lambar waya, har adireshin gida da ranar haihuwa yake tambaya. Layi har bakin titi.